Ɗakin da Aka Ce Nata Ne

Ranar da za a sallami Inna daga asibiti, nas ɗin da ke kula da ita ta tare babban ɗanta a bakin gado, ta ce ya ajiye kwanukan da yake tattarawa ya saurare ta. Inna na kishingiɗe tana jin komai, don a ranar tabaraunta na ido, 'yar na'urar jin da take maƙalawa kuma tana kunne.

"Aikin kwatangwalon ya yi kyau, ƙarfen ya zauna," in ji nas ɗin. "Kanta nake ji wa tsoro yanzu. Shekaru sun ja, ido ya yi rauni, kunne ma haka, kuma ka ga yadda ta ɗan rikice da ta farfaɗo daga allurar barci. Irinsu ruɗewa ta fi kamawa bayan tiyata. Ku mai da ita ɗakin da ta saba, inda za ta riƙa ganin rana. Kada a raba ta da tabarau da abin kunnenta. Ta sha ruwa sosai, a riƙa tayar da ita tana ɗan takawa. Maganin barci kuwa ko kusa. In ta fara surutai ko jikinta ya yi zafi, ku dawo da ita maza. Kada a ce tsufa ne. Ciwo ne, kuma yana da magani."

Babba ya yi irin murmushin da yake yi wa mai sayen kaya in ya cika tambaya. "Sista, uwata ce fa."

"Ƙyale shi, 'yata," in ji Inna. "Wannan da har ya yi aure ni nake nemo masa takalminsa."

Aka yi dariya har da marar lafiyar gadon kusa. Haka Inna take, baki a wase, kai a zaune. Tela ce ta gaske, mace za ta shigo ɗakinta, kallo ɗaya za ta yi mata ta yanka yadi ba tare da ta ɗauko tef ba, kuma riga ta zauna ɗas. Santsin bakin famfo ne kawai ya kayar da ita. Da hankalinta garau ta fita daga asibitin nan, duk wanda ke wurin shaida ne.

A mota Babba ya miƙo hannu ya zare mata tabarau. "Kawo in riƙe miki, kada ya faɗi wajen sauke ki." Ya jefa shi a aljihun gaban riga. Nan take duniya ta koma mata hazo.

Da aka iso gida, shi da direban suka ɗauke ta a kan kujera. Ɗakin Inna shi ne na farko in ka shigo ƙofar gida, tagarsa na kallon titi. Amma sai ta ji ana ta tafiya da ita. Ta ji an wuce famfo, ta ji ƙamshin kicin ya zo ya wuce, ta ji an rage tsawo an shiga wata ƙofa. Aka kwantar da ita. Gadonta ne, ta san ramin katifarta. Labulenta ne ma, ta shafa ta ji ɗinkin hannunta. Sai dai ɗakin yana warin danshi da tsohon siminti.

"Babba, ina ne nan?"

"Ɗakinki mana, Inna."

"Ɗakina ba ya wari haka. Ina tagar?"

"An rufe ta ne saboda iska," in ji Maman Biyu, matar Babba, tana gyara mata matashi. "Ki huta, Inna, gajiyar hanya ce."

Ga abin da ya faru, ba wani ɓoye-ɓoye. Inna na kwance a asibiti kayan Babba suka iso, kwalayen fanka da dutsen guga da talabijin, mota guda. Shagonsa ya cika. Siton bayan gida kuwa bangonsa na tsattsafo da ruwa, babu taga sai wata 'yar kafa can sama, kayan lantarki ba za su yi wata guda a ciki ba su lalace. Ɗakin Inna ne busasshe, ga shi a bakin ƙofa, sauke kaya ba wahala. Sai aka yi musaya, kwalaye suka shiga ɗakin rana, uwa ta shiga ɗakin danshi. Mata da miji suka haɗa baki a ce mata ɗakinta ne, don in ta sani za ta tayar da ƙura, in ta warke a lallaɓa ta. Wai don kada ranta ya ɓaci.

Washegari ta nemi tabarau. Babba ya ce in tana gani za ta yi ƙoƙarin tashi ita kaɗai, ta sake faɗuwa, a koma gidan jiya. Ta miƙa hannu bangon damanta, inda ƙusar da take rataye tef da almakashi take tun zamanin mijinta, ta shafa sama ta shafa ƙasa, babu ƙusa, sai bango mai sanyi.

"An cire, don kada ki ji ciwo," in ji Maman Biyu.

Komai ta tambaya akwai amsa a shirye. Ina keken ɗinkina? An matsar da shi don a sami wurin wucewa. Me ya sa ƙofa ta koma hagu? Gadon aka juya. Ta ce to in an juya gadon ina alƙibla, don ita a ɗakinta in ta kwanta ta gefen dama tana fuskantarta. Maman Biyu ta nuna wani gefe da haɓa, ta fita. Inna ta yi sallarta a kwance, zuciyarta ba ta natsu ba.

Ba a jima ba batirin abin kunnen ya mutu. Ɗan batiri ne kamar maɓallin riga, Babba ya ce zai sayo in ya shiga kasuwa. Kullum yana shiga kasuwa, kullum yana mantawa. Daga nan Inna ta daina jin kiran salla, ta daina jin hon ɗin mai burodi da hayaniyar 'yan makaranta, abubuwan da suke gaya mata safiya ta yi. Ƙwan lantarki ɗaya ne a ɗakin, a kunne dare da rana in akwai wuta, in babu kuwa duhu dare da rana. Ta farka ba ta san ko ta yi azahar ba, ta sake yi. Wata rana ta yi ta sau uku.

Sai maganar ruwa. Inna ba ta iya zuwa banɗaki, sai an kawo mata fo, an ɗaga ta, an zubar. Maman Biyu ce ke yi, tana yi tana kau da kai. Rana ɗaya aka makara, Inna ta jiƙa zanin gado. Maman Biyu ta wanke tana huci, daga ranar ta ɗauke butar ruwan da ke gefen gado.

"'Yar nan, ƙishi nake ji."

"Yanzu fa kika sha, Inna."

"Yaushe?"

"Kin gani ko? Har kin manta."

Ba ta sha ba. Rabin kofi ne da safe, rabin kofi da yamma, shi ma don a haɗiye magani. Leɓɓanta suka tsage, harshenta ya yi kauri a baki. Fitsarin ya ragu kamar yadda ake so, sai dai ya koma ja, in zai fito kamar ana zuba mata barkono. Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka ba su a asibiti yana tsakar gida, an shanya tawul a kai. Tayar da ita aikin mutum biyu ne, Babba kuma yana fita da sassafe. Tagwayen jikokinta an hana su shiga, wai kada su dame ta.

Da ta ga ba a zuwa sai ta fara kira. Wanda ba ya ji bai san ƙarfin muryarsa ba, kiranta har maƙwabta. Babba ya dawo ya tarar matarsa ta sha mur, ta ce ita kam ta gaji, ko ya yi wani abu ko ya zauna ya yi jinyar da kansa. Ya juya ya tafi kemis ɗin bakin titi, ya ce tsohuwa ce ba ta barci. Ya dawo da 'yan ƙwayoyi farare.

"Na mene ne wannan?" Inna ta tambaya, tana juya ƙwayar a tafin hannu.

Ya sunkuyo ya ɗaga murya a kunnenta. "Na ƙarin jini ne."

Uwa ba ta zargin abin da ɗanta ya sa mata a hannu. Ta haɗiye, har ta sa masa albarka.

Daga nan abubuwa suka fara zame mata. Ta farka kanta kamar an cusa auduga, ta ga zare yana saukowa daga rufin ɗaki, fari da baƙi, ta miƙa hannu ta kama ta ji babu komai. Da yamma abin ya fi tsananta. Ta ga mata sun cika ɗakin suna jiran ɗinkinsu, ga shi ba ta gama ba, ta kama bakin zanin gado tana ninkewa tana ɗinki da yatsu babu allura. Ta kira mijinta da ya daɗe a ƙasa, ta ce ya miƙo mata almakashi. Sai kuma can hazon ya yaye, ta dawo ita ce, ta san sunan kowa, ta san an yi mata aiki, ta san abu ɗaya da ba ya canzawa.

"Wannan ba ɗakina ba ne."

Duk ranar da ta faɗi haka, ƙwaya biyu ake ba ta maimakon ɗaya. Ranar da ta yunƙura za ta sauko ta je ta nemo ɗakin da kanta, aka ɗaure mata hannu a ƙarfen gado da ɗankwalinta. Babba da kansa ya ƙulla, yana cewa, "Don lafiyarki ne, Inna." A waje kuwa, in an tambaye shi jikin Inna, sai ya girgiza kai ya ce tsufa ne ya zo gaba ɗaya, ko ɗakinta ba ta ganewa, a dai taya su da addu'a. Mutane su ce Allah ya ba shi ladan jinya, shi kuma ya amsa da amin ba kunya.

Akwai wata ƙawar Inna, maƙwabciyarta, mai sayar da zare da maɓallai. Sun yi shekaru tana shiga ɗakin Inna ta zauna a bakin taga suna hira keke na tafiya. Sau da yawa ta zo dubiya ana ce mata Inna na barci. Ranar nan ta ƙi tafiya, ta ce ko barcin ne za ta gani da idonta. Maman Biyu ta ja ta gefe a tsakar gida ta yi mata raɗa, sannan ta shigo da ita.

An yi sa'a ko rashin sa'a, lokacin Inna na cikin hayyacinta. Ta gane ƙawarta da ƙamshin man da take shafawa. Ta cafke hannunta da hannun da ba a ɗaure ba, hawaye ya zubo mata.

"Alhamdu lillahi. Ke kin san ɗakina. Don Allah ki gaya musu. Nan ne ɗakina?"

Mai zare ta dubi bangon da ya yi baƙi da danshi, ta dubi ɗankwalin da ke hannun Inna. Ta ɗaga ido ta ga Maman Biyu a bakin ƙofa tana ƙifta mata ido. Ta tuna gida ɗaya ne tsakaninsu, gobe ma za a haɗu a bakin titi, kuma an ce mata likita ne ya ce kada a tayar wa Inna hankali. Ta sunkuya kusa da kunnen Inna.

"Ɗakinki ne mana. Ki kwantar da hankalinki."

Inna ta saki hannun a hankali. Wannan ita ce ta karya ta, ba ƙishi ba, ba ƙwaya ba. Ɗanta zai iya kuskure, surukarta za ta iya ƙarya, amma wannan baiwar Allah me za ta ci da ƙarya? To ashe su ne da gaskiya. Ashe hancinta ƙarya yake yi mata, hannunta ƙarya yake yi, ita ce ta haukace. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da za a shiga da ita ɗakin tiyata.

Da yamma Babba ya shigo da ƙwayoyinsa. Kafin ya yi magana ta riga shi.

"Ɗakina ne, Babba. Na gane. Ɗakina ne."

"Yauwa Inna, ko ke fa." Ya fita yana gaya wa matarsa an fara samun sauƙi.

Daga ranar ta daina kira. Gidan ya yi shiru, kowa ya sami barci. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ba ta na ciwon kai. Bayanta ya fara salewa saboda kwanciya wuri ɗaya. In an shigo, ko ba a tambaye ta ba, sai ta ce, "Ɗakina ne," ta rufe ido.

Autarta tana aure a wani gari mai nisa. Kullum ta kira waya sai yayanta ya ce Inna na barci, ko tana wanka, ko yanzu ta sha magani. Da abin ya ishe ta, ta hau mota ta taho ba ta gaya wa kowa ba. Ta shigo da hantsi, ta tura ƙofar ɗakin uwarta da sallama, ta ci karo da kwalaye har rufi. Keken ɗinkin yana lungu, an ɗora masa fankoki.

Abin da ta tarar a sito ba sai an faɗa ba. Ta kwance ɗankwalin da haƙoranta don ƙullin ya ƙi, ta kira "Inna, Inna," tsohuwar ta buɗe ido ta dube ta kamar baƙuwa.

"Yaya, me kuka yi mata?"

"Me muka yi mata kuwa? Muna nan muna fama, ke kina can. Kin san abin da ake sha a gidan nan? Tsufa ne, kowa zai je."

"Ina tabaraunta?"

Ya shafa aljihu, ya ce yana jin yana cikin wata rigar. Yana can kuwa, an ma wanke rigar da shi.

Auta ta ɗauki uwarta ta mai da ita asibiti a ranar. Aka sami ciwon mafitsara ya yi nisa, jiki ya bushe, ga maganin barci ya taru. Aka ɗaura ruwa, aka yi allurai, zazzaɓi ya sauka. Nas ɗin nan ta zo ta tsaya a kan gadon, ta kira Inna, ta tuna mata da zancen takalmi. Inna ta dube ta ta ce, "Ɗakina ne." Likita ya gaya wa Auta gaskiya: da an kawo ta tun farkon ruɗewar, da wuya ta kai haka. Wasu suna dawowa sarai, wasu kuwa in abin ya daɗe ba sa dawowa duka. A mai da ita inda ta saba, a yi haƙuri a gani.

Auta ba ta jira kowa ba. Da hannunta ta fitar da kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya ta jibge a tsakar gida, Babba na tsaye yana cewa a yi a hankali akwai na fashewa. Ta share ɗakin, ta goge keken, ta dawo da gado mazauninsa, ta rataye tef da almakashi a ƙusarsu. Ta sayo batiri. Ranar da aka sake sallamo Inna, da safe aka shigo da ita, rana ta faɗo ta taga ta kwanta a kan keken kamar yadda ta saba. Auta ta sa mata tabarau, ta maƙala mata abin kunne. A titi mai burodi ya danna hon.

"Inna, ga ki a ɗakinki. Duba tagarki. Ga kekenki."

Inna ta duba. Ta ga tagar, ta ga keken. Hannunta ya tafi bangon dama shi kaɗai, ya taɓa ƙusar, tef ɗin ya motsa. Sai ta fizge hannun kamar ta taɓa wuta. Abin da ta sha azaba a kansa ke nan, tagar da aka ce babu, ƙusar da aka ce an cire. In tana ganinsu, to haukan ne ya dawo, kuma ta san abin da ke biyo bayansa. Ta cire tabaraun ta yar, ta miƙa hannayenta biyu wajen ƙofa inda Babba yake tsaye.

"Ban ga komai ba, Babba. Wallahi ban ga komai ba. Kada ka ɗaure ni. Ka mai da ni ɗakina."

Auta ta durƙushe a gaban gadon tana kuka, tana cewa nan ne, Inna, nan ne. Tsohuwar ta toshe kunnuwa ta juya fuska bango, tana ta roƙo a mai da ita.

Ba tiyata ce ta cinye matar nan ba, likitoci sun yi nasu sun gama lafiya. Rabin kofin ruwa ne, da batirin da bai kai maɓalli ba, da tabarau a aljihun riga, da ƙarya ɗaya da mutum uku suka taru suka riƙe. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma har yau in ka tambaye su za su gaya maka shi ba tare da muryarsu ta yi rawa ba.

Babba ya dubi uwarsa. Sannan ya juya wajen ƙanwarsa.

"To kin dai ji da kunnenki. Ita da kanta can ta fi so."

Ya leƙa tsakar gida, ya ga hadari ya fara haɗuwa. Ya ƙwala wa matarsa kira, ya ce kada a kai kwalayen nesa da ɗakin.